Ilmin Zama Ɗan Ƙasa a Makarantun Gwamnati, da Horon Malaman da Ke Koyar da Shi

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu, don su san abin da a ke nufi da wani darasi da a ke koya wa yara a makarantun Gwamnati da ke cikin gundumominsu, watau ilmin zama ɗan ƙasa, su kuma san yadda a ke horon malaman da ke koyar da shi. Dalili kuwa shi ne, cikin dukan darussan makaranta babu wanda ya shafi aikin Hakimi kamar wannan. In malami ya koyar da lissafi ba daidai ba, yaro ne zai faɗi jarrabawa. Amma in ya koyar da sha'anin mulki ba daidai ba, ɓarnar ba ta tsayawa a aji, sai ta bi yaro gida, ta bi shi kasuwa, wata rana kuma ta iso zauren Hakimi.

Abin da darasin ya ƙunsa

A taƙaice, ana so ne yaro ya san yadda a ke mulkin ƙasarsa, da abin da ya ke bin hukuma, da abin da hukuma ta ke bin sa. Ana koya masa cewa Nijeriya tarayya ce mai jihohi 36 da Birnin Tarayya na Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Ana koya masa cewa Majalisar Dattawa tana da wakilai 109, Majalisar Wakilai kuwa 360, kuma masu yin doka daban, masu zartar da ita daban, masu shari'a daban. Wannan sashe ba shi da wuya, yaro mai ƙwaƙwalwa ya kan haddace shi cikin mako guda.

Inda nauyin ya ke shi ne wajen haƙƙi da wajibi. Babi na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa, kamar haƙƙin rai, da na mutunci, da na addini, da na faɗin ra'ayi, da na a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Ga misali guda wanda ya kamata ko wane malamin Hakimi ya sani: sashe na 35 ya ce wanda aka kama bisa zargin laifi a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 24 kuma ya jera abin da ke wuyan ɗan ƙasa: ya bi Tsarin Mulki, ya girmama hukumomi na halal, ya kiyaye mutuncin 'yan'uwansa, ya taimaka wa ci gaban garin da ya ke zaune, ya taimaki ma'aikatan kiyaye doka, ya faɗi gaskiyar abin da ya ke samu, ya kuma biya haraji a kan kari. Malamin da ya koyar da babi na huɗu ya tsallake sashe na 24 ya yi rabin aiki, haka kuma wanda ya yi akasin haka, ko da ya ke shi na biyun ya fi samun yabo wajen manya.

Asalin abin

Rubuta ƙa'idodin mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna tun ƙarshen ƙarni na 15, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya wallafa Liya'ul Hukkami, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Usulus Siyasa. Sai dai waɗannan littattafai an yi su ne domin masu riƙon jama'a da malamai. Abin da ya ke sabo shi ne a tara 'ya'yan talakawa a aji a ce musu, ku ma sai kun san yadda a ke riƙonku.

Malaman makaranta ne suka fara ɗauko wannan magana a Arewa. An buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don a horar da malamai, daga cikinta kuwa aka sami mutanen da suka karɓi mulki daga hannun Turawa. Alhaji Sir Ahmadu Bello ya fito daga can cikin 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sa'an nan aka naɗa shi Hakimin Raba cikin 1934. Ashe ke nan alli da rawani sun taɓa haɗuwa a hannun mutum ɗaya, kuma ba su yi faɗa ba. Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma malamin Midil ne a Bauchi. Cikin watan Agusta 1950 ya tashi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, cikin koke-kokensa kuwa har da cewa talakawa ba su ɗauki sha'anin mulki a matsayin abin da ya shafe su ba. Maganar ta yi wa wasu zafi a lokacin. Amma bayanta aka yi gyare-gyaren da suka kai ga Dokar En'e ta 1954, aka ƙarfafa Yaƙi da Jahilci don manya su iya karatu, makarantar Kongo ta Zariya kuma ta zama wurin koyon aikin mulki, inda Hakimai da ma'aikatan En'e suka riƙa zuwa kwas.

Bukatar ta ƙaru ne da zuwan zaɓe. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi. A zaɓen Tarayya na Disamba 1959 kuwa ko wane namiji baligi da ya cika shekaru ya jefa ƙuri'arsa da kansa. Matan Arewa ba su sami shiga zaɓen Tarayya ba sai 1979. Tun daga ran da aka miƙa wa manomi ƙuri'a, rashin saninsa ya daina zama matsalarsa shi kaɗai.

A cikin makarantu kuwa darasin ya sha hawa da sauka. Da can ana koyar da shi tare da tarihi da labarin ƙasa. Bayan babban taron manhaja da aka yi a Ikko cikin 1969, da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, sai aka narkar da shi cikin darasin nazarin zaman jama'a, ya zauna a can shekaru masu yawa ba shi da suna na kansa. Cikin 2007 aka sake fito da shi a manhajar ilmin tushe ta shekara tara, daga 2011 aka wajabta shi a babbar sakandare, daga 2014 kuma ya shiga jarrabawar fita sakandare. Tun daga nan an sha haɗa shi da wasu darussa a raba, har a gyaran manhaja na 2025 an sake haɗa shi da makamantansa a ƙarƙashin sabon suna. Don haka kada Hakimi ya damu in sunan da ya ji bara ba shi ne ya ji bana ba. Abin da zai tambaya shi ne ko ana koya wa yaran abin da aka ambata a sama, kuma wa ke koyarwa.

Horon malamai

A nan ne maganar ta fi tsawo, domin manhaja takarda ce, ana iya rubuta ta a Abuja cikin 'yan watanni, amma malami sai an yi shekaru ana renonsa.

A zamanin Jihar Arewa malamin firamare ya kan fito ne daga kwalejin horon malamai da shaidar daraja ta uku ko ta biyu. Bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960 aka buɗe manyan kwalejojin malamai, ciki har da ta Zariya cikin 1962, masu ba da shaidar NCE bayan shekara uku. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa cikin 1976, yaran da suka zo sun fi waɗanda aka zata, malamai suka kasa, sai aka shiga horon gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don malami ya ƙara ilmi yana bakin aikinsa. Daga baya aka tsai da NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar da a ke shiga aikin koyarwa da ita, cikin 1989 aka kafa hukumar da ke lura da kwalejojin ilmi, cikin 1993 kuma aka kafa majalisar yi wa malamai rajista.

Duk wannan tsari ne mai kyau. Amma da aka dawo da ilmin zama ɗan ƙasa cikin jadawali, an dawo da shi ne kafin a yaye malaman da aka horar musamman dominsa. Sai shugabannin makarantu suka yi abin da ya sawwaƙa: a ba malamin nazarin zaman jama'a, ko malamin tarihi, in babu su kuwa a ba duk wanda sa'o'insa ba su cika ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da kowa ɗan ƙasa ne, ai kowa na iya koyar da zama ɗan ƙasa. Wannan kuskure ne. Kowa na cin tuwo, amma ba kowa ke iya tuƙa shi ba. Ga kuma matsalar da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi dukan darussa: cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 ba su kai makin da aka yanke ba. An yi jayayya mai zafi a kan yadda aka shirya jarrabawar da hukuncin da ya biyo baya, amma ba wanda ya fito ya ce horon malamai ba ya bukatar gyara.

To, me a ke so malamin wannan darasi ya samu a kwaleji, ko a kwas ɗin da a ke kiransu lokacin hutu?

Da fari dai ya san abin da zai koyar daga tushensa. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce mutum yana koyar da Tsarin Mulki alhali bai taɓa riƙe shi a hannunsa ba, sai ɗan abin da wani marubuci ya tsakuro masa. Ya kamata ya karanta babi na biyu da na huɗu da kansa, ya san aikin da aka ba ƙaramar hukuma, ya kuma san abin da ya canza. Haraji da jangali, alal misali, an soke su a jihohin Kano da Kaduna cikin 1979. Cikin 2018 an rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai zuwa 25, na Shugaban Ƙasa zuwa 35. Taken ƙasa da aka sauya cikin 1978 an mai da na farko cikin 2024. Malamin da ke koyarwa daga littafin da ya gada wajen malaminsa zai koya wa yara ƙasar da babu ita.

Sa'an nan sai hanyar koyarwa, wadda ita ce ta fi wuyar samu. Littattafan darasin da Turanci a ke rubuta su, jarrabawa ma da Turanci a ke yin ta, sabo da haka malami mai rauni ya kan cika allo da ma'anar kalmomi, yara su kwafa, su rera, su manta. Yaro zai iya kawo maka ma'anar dimokuraɗiyya ba tuntuɓe, amma ka tambaye shi sunan kansilan mazaɓarsu ya yi shiru. Abin da a ke koya wa ɗalibin malanta shi ne ya fara daga abin da yaro ke gani da idonsa. A ce famfon unguwa ya lalace wata uku. Malami ya tambayi aji: wa ya haƙa shi, da kuɗin wa, wa ya kamata a gaya wa, in an gaya masa bai yi kome ba sai wa? Daga nan sai a sa yara su rubuta takardar koke cikin ladabi, da kwanan wata da sa hannu, a duba ko sun faɗi gaskiya ba ƙari. Cikin darasi guda sun koyi aikin mai unguwa da na dagaci, da na kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, sun koyi inda kuɗin jama'a ke fitowa, sun kuma koyi cewa ana neman haƙƙi da takarda kafin a neme shi da ihu. Haka nan zaɓen shugaban aji: a yi rajista, a jefa ƙuri'a a asirce, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Yaron da ya taɓa faɗuwa zaɓen aji ya haƙura ya koyi abin da wasu manya ba su koya ba har suka yi furfura.

Abu na ƙarshe shi ne kamun kai. Malami mutum ne, yana da jam'iyyar da ya ke so da ɗan takarar da ya ke ƙi, doka kuma ba ta hana shi ƙuri'arsa ba. Amma aji ba dandalin siyasa ba ne, cikin yaran da ke gabansa akwai ɗan wannan akwai ɗan wancan, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan manomi akwai ɗan makiyayi. Ana horonsa ya iya kawo maganar da mutane suka saɓa a kanta, ya bar ko wane ɓangare ya faɗi hujjarsa, ba tare da ya nuna inda ya karkata ba. Kuma halinsa shi ne babban littafin. Wanda ya zo a makare, ya karɓi kuɗi ya ƙara wa yaro maki, ya doki wanda bai saurara ba, to ko ya yi awa guda yana bayanin adalci, yara abin da suka gani za su riƙe.

Tsoron da wasu ke yi

Ba a ɓoye ba ne cewa wasu dattawa suna ganin wannan darasi shi ke sa yara tsaurin ido, su daina durƙusa wa manya, su ce ai kowa daidai ya ke da kowa. Bai kamata a yi watsi da wannan tsoro ba, domin akwai malaman da ke koyar da haƙƙi kamar suna wasa wuƙa. Amma yaran yau suna jin maganar mulki ko an koya musu ko ba a koya musu ba. Suna ji a rediyo, suna gani a waya, suna ji a bakin 'yan bangar siyasa waɗanda ke raba musu kuɗi ran zaɓe. In makaranta ta yi shiru, waɗannan ne za su zama malamansu.

Akwai kuma wani wuri mai santsi da ya kamata a faɗa a fili. Tsarin Mulkin 1999 bai ba sarakuna da Hakimai wani aiki a rubuce ba, dokokin jihohi ne ke tsara masarautu. Kotunan alƙalai da 'yan doka sun fita daga hannun En'e bayan an ƙirƙiro jihohi cikin 1967, gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun Gwamna. Malami na gaskiya dole ya koya wa yara haka, kuma ba raini ya yi ba in ya koyar. Sai dai da yawa cikin littattafan makaranta su kan tsaya nan, su ambaci sarauta kamar abin tarihi, alhali yaron da ke karanta littafin ya san cewa in an yi rikicin iyakar gona, ko shanu suka shiga amfani, ko baƙo ya sauka gari, ko ma'aikatan allurar rigakafi suka zo, ƙofar mai unguwa da dagaci da Hakimi a ke fara bugawa. Wannan giɓi tsakanin littafi da gari, ba wanda zai cike shi sai ku. Gara yaro ya ji daga bakin Hakimi cewa aikinsa sulhu ne da sa ido da isar da kukan jama'a, kuma in sulhu ya gagara kotu a ke zuwa, da ya tashi yana zaton Hakimi na da ikon da ba shi da shi, ko kuwa ba shi da amfani sam.

Abin da a ke roƙon Hakimai da malamansu

Ana roƙon Hakimi ya yarda manyan azuzuwa su ziyarci zaurensa ko sau ɗaya a zango, a ranar da ba a sauraron maganar da ta shafi sirrin iyali. Malamin Hakimi ya nuna musu yadda a ke shigar da ƙara a littafi, da yadda takarda ke tashi daga dagaci ta iso gunduma ta wuce fadar Sarki ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya bayyana musu cewa takardar haihuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da ita, katin zaɓe kuwa Hukumar Zaɓe, ga wanda ya cika shekara 18. In yaro ya yi tambaya mai nauyi, a amsa masa. Kada a kore shi don ya tambaya, tun da tambayar aka kawo shi ya koya. A tabbata kuma an zo da 'yan mata, kada a bar su a baya wai don kunya, domin ƙuri'arsu ɗaya ce da ta maza.

A yawancin garuruwa dagaci ko mai unguwa yana cikin kwamitin kula da makaranta. To, in an zauna, bayan maganar rufin kwano da kujeru, a tambayi shugaban makaranta wa ke koyar da wannan darasi, me ya karanta, yaushe rabonsa da kwas, kuma ko akwai kwafin Tsarin Mulki ko guda ɗaya a makarantar. In amsar ba ta gamsar ba, a rubuta wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Ɗaliban kwaleji da a ke turowa gwajin koyarwa su ma baƙinku ne. Yawancinsu samari ne da 'yan mata marasa abin hannu, wanda ya sami masauki da kariya a ƙauye ya fi saurin yarda ya dawo aiki ƙauye in ya gama.

Lokacin zaɓe kuwa a yi hattara ƙwarai. Kada a nemi malami ya tara yara don tarbar ɗan takara, kada kuma a kai ƙararsa a sa a yi masa canjin wurin aiki don kawai ya koya wa yara cewa sayar da ƙuri'a laifi ne, alhali abin da ke cikin manhaja ya koyar. In kuwa an tabbata ya mai da aji wurin yaƙin neman zaɓe, ko yana zagin wani addini ko wata ƙabila, to kada Hakimi ya tsawata masa a gaban yara. A kira shi tare da shugaban makarantarsa, a ji ta bakinsa, malamin Hakimi ya rubuta abin da aka faɗa da ranar da aka faɗe shi da sunayen waɗanda suka halarta, sa'an nan a aika wa Sakataren Ilmi, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin gunduma.